Dokin da Mai Agogo Ya Taɓa

Shekara ashirin da shida Mai Agogo yana buga ces, wato darar Turawa, a ɗakin nan na bayan laburare, bai taɓa cin wasa uku a jere ba sai da hannunsa na dama ya lalace. Wani zai ce ai abin murna ne. Shi kam abin ya tsaya masa a rai, ya hana shi sakat, don ya san ruwa ba ya tsami banza.

Ɗakin ba wani ɗakin a zo a gani ba ne. Tebura shida, kujerun roba da suka koɗe, fanka ɗaya a sama tana juyi tana kukan a ba ta mai, sai takardar sakamako manne a bango kusa da taga. Sa'ad da suka fara haɗuwa a nan, duk da sauran baƙin gashi a kansu. Yanzu ƙaraminsu ya ba sittin baya, matasa kuwa sun koma buga nasu a waya, sai suka raɗa wa abin suna gasar dattawa don a rufa wa juna asiri. Mutum goma sha biyu, Asabar biyar a jere, daga hantsi har sai wasa ya ƙare. Wanda ya zo na ɗaya ya tafi gida da wani kofi mai hannu biyu, ya ajiye shi shekara guda matarsa tana gogewa tana mita, ya dawo da shi. Ba a cin komai ban da wannan, amma in ka ga yadda tsofaffin nan ke haɗe rai a kan allo sai ka rantse gado ake rabawa.

Wata goma da suka wuce Mai Agogo ya faɗi a shagonsa, ɗan gilashin duba agogo yana maƙale a idonsa. Likitoci suka ce ɓarin jiki ne ya so shanyewa, Allah ya taƙaita. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, hannun dama ma ya dawo, sai dai da rawa ya dawo. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba yana sa ta a raminta, yanzu in ya ɗebi abu a cokali rabi ne ke isa baki. Ya rufe shago, ya raba kayan aikin. Ces kaɗai ya ce ba zai bari ba, kuma da wannan hannun zai buga, don hagunsa tun yana yaro ba ta san komai ba sai ta riƙe abu dama ta yi aiki.

To, a gasa akwai wata doka da suke yi wa kirari da "ka taɓa, ka taka". Ɗan da ka sa wa hannu da niyya shi za ka matsar, ko da matsar da shi zai kai ka ka baro. Ba a cewa tsaya in sake tunani. Hannun Mai Agogo kuwa kafin ya isa ga ɗan da yake so ya riga ya gaisa da biyu a hanya. Don haka Malama, tsohuwar malamar lissafi da ke alƙalancin gasar, ta tara su kafin zagayen farko ta ce abin da rawar hannu ta taɓa ba za a lissafa shi taɓawa ba, kuma ita da kanta za ta zauna a gefensa ta riƙa rubuta masa takunsa, tunda biro ya fi ƙarfinsa. Kowa ya ɗaga hannu ya yarda. Ya gode musu, kuma har zuciyarsa ya gode.

Asabar ta farko ya zauna da Kafinta, mutumin da ko ƙananan 'ya'yan gaba, waɗanda suke kira kurata, ba ya barin ɗaya ba mai gadi. Ana tsakiyar wasa sai ga Kafinta ya ajiye hasumiyarsa a gidan da doki zai ɗauke ta a banza, sannan ya dafe kai yana salati tun ba a ɗauka ba. Wanda ya yi kuskure da gaske sai an ci shi yake sani. Asabar ta biyu Mai Allura ne, wanda ya ƙare aikinsa a ɗakin yi wa mutane allura bai bar halin jinya ba. Ya riga ya fi Mai Agogo da 'ya'ya biyu, sai ya shiga tambayarsa ko ya sha maganin safe, ko fankar ta yi masa yawa, ko a kawo masa matashi. Agogon gasa fuska biyu gare shi, kowa da tasa, wanda lokacinsa ya ƙare an cinye shi. Mai Allura yana kallon tasa fuskar har ta ƙare, ya ce kash, hira ta ɗauke masa hankali. Wasa na uku ba sai an faɗa ba.

'Yarsa ta fari, wadda yake zaune a gidanta tun da ya fito asibiti, ita ke kai shi a mota ta koma ta ɗauko shi. Uwata yake ce mata. Murna a wurinta ba a magana. Ta bi ƙannenta da waya ɗaya bayan ɗaya tana cewa Baba ne kan gaba a gasa, ciwon ma kamar wasa shi ya yi. Shi kuwa da la'asar ya shimfiɗa allonsa a teburin cin abinci, ya ɗauko takardun da Malama ta rubuta, ya sake bin wasannin taku bayan taku. Bai sami nasararsa ko ɗaya a ciki ba. Abin da ya samu shi ne mutanen kirki guda uku suna lallaɓa shi kamar ƙwai.

Bai ji haushinsu ba. Ta ina za ka ji haushin wanda ya so ka? Amma a gida ana yanka masa nama ƙanana-ƙanana, ana riƙe masa gwiwar hannu a kan mataki, ana ɗaga murya in za a yi masa magana alhali kunnensa ƙalau. Ya shanye wannan duka saboda yana ganin akwai wuri ɗaya da ya rage, inda har yanzu shi abokin karawa ne, wanda ake shakka, ake kwana da shirin ƙure shi. In a can ma majinyaci ne, me zai je yi? Ya yanke shawara a ransa bai gaya wa kowa ba: in wasa na huɗu ya fito kamar ukun nan, zai ce wa Uwata zirga-zirgar tana gajiyar da shi, ya zauna a gida. Ya san ba za ta yi gardama ba, ita dama hawan jininsa take tsoro.

Wasa na huɗu kuwa da Duba-Gari ne. Shi ma ya ci uku, amma nasa ukun da gumi ya ci su. Tsohon jami'in tsafta ne, ya yi shekara talatin da biyar yana leƙa tukwanen ruwan mutane da magudanansu, kuma hali zanen dutse, har yau kafin ya zauna sai ya goga yatsa a tebur ya duba. Ya taɓa tilasta wa yayan matarsa taka ɗan da ya taɓa, ranar da mutumin ya zo musu baƙunta, aka yi wata biyu ba a gaisawa. Shi da Mai Agogo sun kara ya fi sau ɗari, kuma in gaskiya za a faɗa, biyu cikin uku Duba-Gari ne ke tashi da nasara. Ba su taɓa shiga gidan juna ba. Da Mai Agogo ke kwance a asibiti ya zo sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi kwandon shara, ya ce da a zamaninsa ne da ya rufe ɗakin nan, ya juya ya tafi. Mai Agogo ya yini yana dariya da rabin bakin da ke motsi.

Shi ya sa ranar Asabar gabansa ke faɗuwa tun a mota. Ba tsoron a cinye shi yake yi ba, wannan ai ya saba. Tsoronsa kada ya ɗaga kai ya ga tausayi a wannan fuskar ma.

Suka yi hannu. Duba-Gari ya goga yatsa a tebur, ya zauna, ya danna agogo, bai ko tambaye shi ya jiki ba. Farare ne na Mai Agogo, don haka shi ya fara. A taku na shida hannun ya ture kurtu ya gangara bakin tebur. Duba-Gari ya tare shi ya mayar da shi gidansa, idonsa na kan allo, bai ce uffan ba. Can kuma hasumiya ta faɗi, aka tayar. Farin sarkin ma sai da ya sha ƙasa sau ɗaya. Mai Agogo ya rasa yadda zai karanta wannan shirun, ko tausayin ne ya zo da wata riga. Amma baƙaƙen 'ya'yan Duba-Gari ba su nuna alamar tausayi ba. Matsa shi suke ta yi ta gefen sarki, duk gidan da ya bari a buɗe sai ya tarar an shiga.

Abin mamaki kansa garau yake. Ya toshe nan, ya ja da baya can, ya bar Duba-Gari ya turo rundunarsa gaba har bayansa ya yi sako-sako, sannan ya fara zagayawa. Bayan awa biyu sauran tebura sun tashi, mutum goma sun kewaye su, kowa ya goya hannu a baya. A nan ne Duba-Gari ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya sake cirewa ya goge. Duk wanda ya san shi ya san ba ya yin haka sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Mai Agogo ya gani, zuciyarsa ta buga irin bugun da ya manta da shi.

Daɗin ne ya ja shi. Ya hango wani baƙin kurtu a tsaye ba mai gadi, daidai inda dokinsa zai iya dira. Ya miƙa hannu ya kama dokin. Yana kamawa ya ga abin da ya kamata ya gani tun da farko: dokin nan shi ne ya tsaya tsakanin hasumiyar Duba-Gari da sarauniyarsa. In ya gusa ko ina ne, sarauniya ta tafi.

Ya saki dokin. Hannun yana rawa, dama rawarsa yake yi, amma Allah ya sani ya ƙara masa gishiri, har dokin ya yi tangaɗi a gidansa. Malama, wadda kanta ke sunkuye a kan takarda, ta ɗago ta ga hannu yana karkarwa a saman allo, ta ce ba komai, ya gyara shi ya ci gaba. Ya gyara. Ya fara kai hannu wajen sarauniya don ya kawar da ita.

Duba-Gari ya tsayar da agogo.

"Ya taɓa doki," ya ce.

Ɗaki ya ɗauki gunaguni. Mai Allura ya ce masa ya ji tsoron Allah. Kafinta ya ce dama an san za a rina, mutumin da bai ragar wa surukinsa ba. Malama ta tuna masa yarjejeniyar da aka yi a gabansa.

"Ina nan aka yi ta, na kuma ɗaga hannu," in ji Duba-Gari. "Sau uku yau hannunsa ya zubar da 'ya'ya, kun ji na ce wani abu? Wancan hannu ne. Wannan shi ne." Ya juyo ya dubi Mai Agogo ido cikin ido. "Shekara ashirin da shida ina kallon yadda kake kama doki. Yatsa biyu, a wuya, kamar za ka ɗauki ƙusa da hantsaki. Rawa ba ta iya wannan kamun ba. Ka kama, ka hango hasumiyata, ka saki. Rawar da ta biyo baya ma rabinta taka ce."

Malama ta ce ita dai ba ta ga kamun ba, rawar ta gani, kuma ba za ta yanke hukunci a kan abin da ba ta gani ba. Ta ajiye biro ta juyo.

"Malam, kai kaɗai za ka raba mu. Rawa ce ko niyya?"

Ya ɗaga kai ya dubi waɗanda suka kewaye shi. Fuska goma, kowace tana roƙonsa ya ce rawa ce. Kalma ɗaya, su ji daɗi, Duba-Gari ya sha kunya, wasa ya ci gaba da sarauniyarsa a raye. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunnuwa. Yana da shekara saba'in da uku, da jikoki, an kama shi yana satar taku. Abin da ya fi ƙona shi, tausayin nan da ya yi mako uku yana ƙyama, da ya ji wuya shi ya fara rarumowa ya fake da shi.

Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ke tasowa, sai da ya ɗan jima kafin ya gane farin ciki ne. Wata goma ba wanda ya zarge shi da komai. In ya fasa kofi a ce ba komai, in ya yi faɗa a ce ciwo ne, in ya manta a ce magani ne. Yau ga mutum ya dube shi ya ga ɗan wasa mai wayo da son zuciya, wanda dole a sa wa ido. Kuma mutumin nan ya san hannunsa har ya iya bambance inda ciwo ya tsaya da inda mai hannun ya fara.

"Niyya ce," ya ce. "Na taɓa."

Malama ta tayar da agogo. Ya duba duk gidajen da dokin zai iya dira, babu mai ceto, sai ya ɗauki kurtun da ya yi kwaɗayi tun farko, don kada a yi biyu babu. Duba-Gari bai ko yi kamar yana tunani ba. Ya ɗauke sarauniyar ya ajiye ta a gefe, ya danna agogo da ƙarfin da ya sa Mai Allura yin tsaki. Mai Agogo ya rama da cin hasumiyar, amma wa ya taɓa ba da sarauniya ya karɓi hasumiya ya ce ya yi riba?

Bai miƙa wuya ba. Taku goma sha tara ya ƙara yi yana ja da abin da ya rage masa. Har ya haƙa wani rami da kurata biyu da dokin nan mai laifi, wanda ya sa Duba-Gari yin minti goma sha biyar yana kallon allo, gumi na tsattsafo masa a goshi. Waɗanda ke tsaye suka manta da tausayi, suka koma raɗa wa juna taku kamar yadda suka saba, Malama tana harararsu. Duba-Gari ya gano ramin ya tsallake. Daga nan ya bi shi gida-gida bai ragar masa ko numfashi ba. Da Mai Agogo ya ga babu sauran hanya, ya kama sarkinsa ya kwantar da shi a kan allo, a hankali, yadda kowa zai ga ba rawa ba ce.

Duba-Gari ya karɓi hannunsa ya saki, ya shiga mayar da 'ya'yan inda suke kafin dokin ya motsa. Da haushi ya nuna masa cewa da sarauniyar ya fara matsarwa gida ɗaya, da shi Duba-Gari ne a ƙasa, don ya duba ya sake dubawa bai ga mafita ba, zaune kawai yake yana jiran a yanka shi. Ya ce gaggawa ce, tun da can ita ke cinsa, ciwo bai rage masa ita ba. Mai Agogo ya bi takun da ido ya ga gaskiya ne. Ya kusa kayar da Duba-Gari, da kansa, ba wanda ya ba shi.

Ya juya wajen Kafinta da Mai Allura ya ce ya ga abin da suka yi masa, ya gode, Allah ya bar zumunci, amma ya isa haka. Mai Allura ya shiga rantsuwar hira ce ta ɗauke masa hankali. Kafinta ya fara musu, ya kasa, ya fashe da dariya, ya ce shi dama ya gaya musu bai iya wasan kwaikwayo ba, kuma hasumiyar nan har yau tana masa ciwo.

Ana cikin haka 'yarsa ta shigo da makullin mota a hannu. Wani ya riga ya tare ta a ƙofa ya ba ta labari, don fuskarta a haɗe take. Ta gai da Duba-Gari gaisuwar da ba ta kai zuci ba, ta durƙusa gefen mahaifinta ta ce a hankali, amma yadda za a ji, in a wurin nan ba a san hakkin marar lafiya ba, ba dole ba ne ya dawo.

Ya dafa hannunta. Ya miƙe da kansa, ya dubi Duba-Gari, wanda ke jera 'ya'ya a akwati kowane a gurbinsa.

"Na gode," ya ce.

"Godiyar me? In muka sake haɗuwa haka zan yi maka, ko fiye."

"Na sani. Ita ce godiyar."

A mota har suka wuce shataletale tana satar kallonsa. Yana zaune da takardar wasan a cinyarsa, hannun yana rawa a kanta, idonsa ya cika da ruwa, bakinsa kuma ya ƙi rufuwa don murmushi. Ta rasa wanne za ta kama a ciki.

"Baba, an cinye ka fa," ta ce.

"An cinye ni, Uwata. Ni ɗin nan aka cinye." Ya share ido da bayan hannu. "Asabar mai zuwa ki kawo ni da wuri."